Kawu Ya San Amurka Bai Taka Ta Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya cika ranar Talata da hantsi, aka sallace shi bayan la'asar, kafin magariba maza sun dawo daga maƙabarta. Haka mutuwar Jidda take, ba ta jiran na nesa. Aka jera kujeru a lungunmu na unguwar Nuzla, aka kawo gahawa da dabino, mu mata muka cika falon matarsa, wadda duk muke kira Inna.

A kwana ukun nan na zaman makoki na ji Kawu a bakin mutane kamar ba mutum ɗaya ake nufi ba. Wata tsohuwa daga cikin Hausawan Sudan, mai sayar da turaren wuta a unguwar Bani Malik, ta shigo da kuka, ta yi gaisuwa ta zauna. Can sai muka ga kafaɗunta na rawa, ashe dariya ce ta ƙwace mata. Ta ce ta tuna ranar da ya dubi gefen abayarta sau ɗaya, ya gaya mata kasuwar da ta fito da irin motar da ta hau. Inna ta harare ta, sannan ita ma ta sa bakin mayafi ta toshe baki.

A wajen maza kuwa, mijina ya ce wani dattijon masallaci ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya yafe masa ƙuruciya. Ya daɗe yana tara bayin Allah a gaban bango." Kawu Babba, yayan mamacin, yana kujerar farko yana karɓar gaisuwa. Bai ce amin ba, bai kuma musa ba. Jikoki, waɗanda Hausa ke shiga kunnensu amma ba ta fita bakinsu, ba su gane zancen ba sam. Su abin da suka sani, kakansu mai gyaran mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki.

Kuma duk wadda ta shigo sai ta waiga ta tambaya, "Na Amurka bai iso ba?" Ɗansa namiji ke nan, shi kaɗai a cikin 'ya'ya mata huɗu. Inna takan ce, "Aiki ne ya riƙe shi." A falon nan ni kaɗai na san ba aiki ba ne. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don kada a manta da Kawu, don kuma in sauke abin da na daɗe ina ɗauke da shi.

Kakanninmu da ƙafa suka zo hajji, suka shekara da shekaru a hanya, ba su koma ba. A unguwar Ruwais ta nan Jidda aka haifi Kawu Babba, sai Kawu, sai mahaifiyata. A garin nan haƙoran Kawu suka fito, a nan suka zube, amma har ya koma ga Allah da iƙama yake zaune, wato takardar zaman baƙo, da kafili a kansa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, da fasfon ƙasar da bai taɓa gani ba.

A samartakarsa akwai abin da ake kira sinimar hoshi. A sami gida mai faɗin tsakar gida, a shafe bango ɗaya da farin fenti, a jera bencina, a kafa injin majigi. Kawu ne mai juya injin a ɗaya daga cikinsu. Jama'a sun fi son na Masar da na Indiya, amma shi zuciyarsa na wajen wasu tsofaffin faifai na Amurka, marasa launi, da yake arowa daga gidajen ma'aikatan kamfanonin waje. Kusan duk tafiyarsu ɗaya: mai bincike da doguwar kwat da hula mai baki, ofishinsa ɗaki ɗaya, sai wata mace mai farin gashi ta shigo da ƙarya a bakinta. Ruwan sama a kan kwalta, hayaƙin taba, gawa a bayan mota.

Turancin Kawu bai wuce na gaisuwa ba, amma shi ne tafinta. Yana tsaye a gefen injin yana fassara, Hausa don tsofaffinmu, Larabci don Yamalawa. Mahaifiyata, da ke leƙe daga soron maƙwabta da ƙawayenta, har yanzu tana iya kwaikwayon muryarsa:

"Jama'a, wannan baiwar Allah ta ce mijinta ya ɓata. Ƙarya take! Ku dubi safar hannunta, ba ta cire ba. Mai neman taimako da gaske ba ya zama kamar wanda mota ke jira."

Ta ce wani lokaci abin da yake faɗa daban, abin da ke rubuce da Larabci a ƙasan hoton daban, amma kowa nasa yake bi, don ya fi daɗi, kuma a ƙarshe wanda ya ce shi ne makashin, shi ne.

Ni ban riski hoshi ba. A zamanina kaset ne, a ɗakinsa, ranar Juma'a bayan an ci shinkafa da kifi. Ni da ɗansa, taubashina, wanda ya girme ni da shekara biyu, mu ne 'yan gaban goshi. Kawu ba ya barin fim ya tafi yadda ya ga dama. Sai ya tsayar, ya nuna da bakin sukundireba.

"Fuska 'yar haya ce," in ji shi, "takalmi ne ɗan gida. In kina son sanin mutum, duba ƙasa."

Wani abin da yake yawan tsayarwa a kai shi ne baƙar fata. A waɗannan fina-finai namu ba su da suna. Wani na ɗaukar jaka, wani na goge takalmi, wani na buɗe ƙofar otal ya sunkuya. Kawu sai ya daskarar da hoton a kan mai buɗe ƙofar ya ce, "Kun gan shi? Wannan ni ne. Ya san wanda ya shiga da wanda ya fita, da zai yi magana da fim ya ƙare tun farko. Amma ba mai tambayarsa." Mu dai dariya muke yi. Yanzu in na tuna, ba na jin dariyar.

Akwai labarin da ya fi son bayarwa, na wani injiniya Ba'amurke da ke aiki a tashar jiragen ruwa, wanda yake ba shi aron faifai. Mutumin yana jin Larabci kaɗan-kaɗan. Wata rana Kawu ya ga ya kunna taba, ya karkata kai, ya runtse ido ɗaya, sak mai binciken cikin fim. Sai ya kasa haƙuri ya tambaye shi, "Don Allah, ku kuka koya wa fim, ko fim ne ya koya muku?"

Ya ce Baturen ya yi dariya. Sannan Baturen ya ce mahaifiyarsa ta shekara da shekaru tana rina gashinta fari don ta yi kama da matan fim, har gashin ya karye. Mahaifinsa manomi ne, bai taɓa kwana a babban birni ba, amma ya sayi irin hular nan yana zuwa coci da ita. Shi kansa ranar da ya nemi auren matarsa, kalmomin da ya ji a sinima ya faɗa mata, ita ma ta ba shi amsar da ta ji a can.

Daga nan Kawu ya yanke hukuncinsa a kan Amurka, kuma bai canza ba har ya mutu. "Mutanen nan sun ɗinka riga a majigi, sannan suka koma suna rage cin abinci don ta shige su. Ko'ina a duniya ana girmama mai ilimi ko mai dukiya. A can sai wanda fitila ta haska. In fitila ba ta same ka ba, ko kana nan ba ka nan."

Na taɓa ce masa, "To Kawu, in haka ne me ya sa kake son su?"

Ya ce, "Saboda mai binciken. Duk garin an saye, ɗan sanda, alƙali, mai jarida. Shi kaɗai ne bai sayu ba. A mare shi, a kore shi, a kulle shi, amma sai ya tsaya gaban babban mutum ya ce kai ne. Ke kin san abin da wannan ke nufi ga wanda bai taɓa iya ce wa kafilinsa a'a ba?"

Da aka rufe sinimomi a ƙasar, Kawu ya kwashe faifan da suka rage a hannunsa ya ɓoye a ƙarƙashin gadon kakarmu. Kawu Babba, wanda dama bai taɓa son sana'ar ba, ya bari sai da ƙanensa ya fita, ya zuba su a buhu, ya kai bayan gari ya cinna musu wuta. Mahaifiyata ta ce ba ta taɓa ganin Kawu ya ɗaga wa yayansa murya ba sai ranar.

Kawu Babba ya ce, "Kai ƙasa gare ka ko iƙama? In aka zo aka same su, jirgi za a sa mu gaba ɗaya, har da tsohuwar nan. Ina za ka kai ta? Wa ka sani a can?"

Suka shekara bakwai ba abin da ke haɗa su sai gaisuwar Idi. Da na girma na tambayi Kawu ko har yanzu yana ganin laifin yayansa. Ya ce, "Gaskiyarsa ce. Shi ya sa na kasa yafe masa da wuri."

Ya koma gyaran mukayyif, amma idon bai bar shi ba. Mutanen unguwa in abu ya ɓata wajensa suke zuwa, rabi wasa rabi gaske. Wanda ba zan manta ba shi ne na wata mata 'yar Nijar, sabuwar zuwa, da ke aikatau a wani gida a arewacin gari. Zoben uwar gidan ya ɓata, aka ce ita ce, aka ba ta kwana biyu ta fito da shi ko a miƙa ta ga hukuma. Ta zo wajen Inna tana kuka, Larabci bai zauna a bakinta ba, sai Hausa da guntun Faransanci. Kawu ya yi mata tambaya uku kawai: a ina uwar gidan ke shafa mai, wane irin mukayyif ne a ɗakin, kuma yana ƙara ko ba ya yi. Washegari ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya bi ta, ya roƙi mai gidan ya bar shi ya buɗe na'urar. Irin ta taga ce, tsohuwa, mai karkarwa. Uwar gidan kan cire zobe ta ɗora a kai, karkarwar ta tura shi ta ramin iska. Ga shi nan a cikin ƙura.

Ba wanda ya ba 'yar Nijar haƙuri a gidan. Uwar gidan ta sa zobenta ta ce halas, wato shi ke nan. Kawu ya dawo ransa a ɓace, bai ci abinci ba, ya yi ta yawo har sai da ya samo wa 'yar Nijar ɗin wani gidan aiki. Ya ce mana, "A fim in gaskiya ta fito sai a sa kiɗa. A nan ko sannu babu."

Yanzu sai zancen ɗansa. Taubashina a gaban kaset ɗin nan ya koyi Turanci, har ya fi malamansa na makaranta. Yana da ƙwaƙwalwa, amma ƙofofin da yake so duk na 'yan ƙasa ne. Ya ƙare a shagon waya a Bani Malik, shagon ma da sunan wani. Ya kai shekara talatin bai yi aure ba. Wata Juma'a muna zaune ya ce ya sami bizar ziyara, Amurka za shi, birnin da ake yin fina-finan.

Kawu ya ajiye kofin shayi ya ce, "Ziyara?"

"Abuya, kai ma ka san ba ziyara ba ce."

"In ka fita ka wuce wa'adi, iƙamarka ta mutu. In ka zauna can ka wuce wa'adi, ka zama ɓoyayye. Ka ga ka rasa nan ka rasa can."

"A nan mene ne ni? An haife ka a nan, an haife ni a nan, har yau baƙi ne mu. A can mai wanke kwano ma yana iya zama wani. Kai ka nuna mini!"

"Bango na nuna maka, ya waladi, ɗana. Bayan bangon nan banɗakin maƙwabta ne. A wane fim ka ga baƙi mai wanke kwano ya zama wani?"

Sai taubashina ya faɗi maganar da na san har yau tana cinsa. Ya ce, "Kai tsoro ne ya zaunar da kai. Tun kana saurayi kake kallon ƙofa, ba ka taɓa murɗa ta ba."

Inna ta yi salati. Kawu ya tashi ya shiga ɗaki. Amma ranar tafiya shi ya ɗauki jakar har filin jirgi, ya rungume shi ya ce, "Yalla, Allah ya kiyaye."

Ba a jima ba hotuna suka fara zuwa. Ga shi da kwat a jikin wata doguwar baƙar mota. Ga shi a gaban wani otal, fitilu kamar rana. Ya ce ya zama manaja a kamfanin motocin da ke ɗaukar taurarin fim. Inna ta zaga da hotunan gida-gida, har waɗanda suka yi masa dariya suka fara aiko 'ya'yansu neman shawara.

Ni ya gaya wa gaskiya, don tsakanin taubasai ba a ɓoye-ɓoye. A ƙofar otal ɗin yake aiki. Baƙo ya iso, ya buɗe masa ƙofa, ya karɓi makulli, ya kai motar ma'ajiya, ya dawo da gudu. Ba shi da takarda. Su biyar suke kwana a ɗaki ɗaya. Taurarin kuwa yana ganinsu, suna miƙa masa makulli ba sa ko duban fuskarsa. Ya ce, "Ki rantse ba za ki gaya wa Abuya ba. Gara in mutu a nan da in ji ya ce ai na gaya maka." Na rantse.

Bayan kamar wata shida, na je gaida su Kawu da yamma, Inna na kicin. Kawu ya ce in buɗe masa hoton baƙar motar a wayata, don idonsa ya fara rauni.

"Ƙara girmansa. A'a, ba fuskar ba. Yi ƙasa."

Na yi ƙasa. Takalmi baƙi ne mai ƙasan roba, gefensa ya cinye.

"Wannan takalmin mai gudu ne a kan siminti," in ji shi. "Hau sama kaɗan." A ƙugunsa, inda kwat ta ɗan buɗe, ga tarin makullai kowanne da 'yar lamba. Kawu ya daɗe yana kallo. "Manaja ba ya rataya makullin mutane. Kuma duk hoto motar daban, ƙofar ɗaya."

Ya ɗago ya dube ni. "Kin sani?"

Na sunkuyar da kai.

"Shirunki ya amsa. Rantsuwa ya sa ki?"

"E, Kawu."

"To riƙe rantsuwarki. Ga tawa kuma ki haɗa: kada ki gaya masa na gane. Kada ki gaya wa uwarsa."

Na ce, "Kawu, ba gara ka yi masa magana ba? Ko zai ji sauƙi?"

Ya ce, "Mutumin da ba shi da ƙasa, ba shi da takarda, abin da ya rage masa shi ne yadda ubansa ke ganinsa. In na karɓe wannan, da me zai tashi da safe?"

Haka na zauna tsakanin rantsuwa biyu shekara tara. Duk Juma'a ana kiran bidiyo. Taubashina ya sa farar riga ya zauna inda bango ke da kyau. Kawu ya washe baki ya ce, "Ahlan ya mudir, sannu manaja! Yaya ma'aikata, suna jin magana?" Ɗan ya ƙirƙiro labari, uban ya yi ta jinjina kai yana sa albarka. Ina gefe ina kallon mutum biyu suna yi wa juna wasan kwaikwayo saboda ƙauna. In aka kashe waya Inna ta tashi da murna ta tafi kicin, shi kuwa ya zauna hannunsa a kan gwiwa har a kira salla.

Tun ranar hoton nan bai sake kallon fim ba. Ya tattara kaset ɗin ya ba masu gwangwan. Tsokanar da yake yi wa mutane a kan tufafinsu ma ya rage. Ya sasanta da Kawu Babba sosai, har suna tafiya masallaci tare, amma bai gaya masa komai ba. Sau ɗaya ya ce mini, "Na yi ta nuna masa mai buɗe ƙofa, ashe shi fitilar yake kallo. Laifin wa? Wanda ya kunna."

Da aka sake buɗe sinimomi a ƙasar, na yi murna na ce zan kai shi, ya ga yadda abin ya zama, kujeru masu laushi, maza da mata a fili ba ɓoyo. Na ɗauka zai ji daɗi, ko ba komai duniya ta dawo kan maganarsa. Ya girgiza kai. "Ku je ku. Ni na riga na biya tikitina, da ɗa ɗaya."

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi, sati biyu a asibiti. Ana gobe zai rasu na same shi da ɗan ƙarfi, Inna ta fita alwala. Na matsa kusa na ce, "Kawu, in ya tambaye ni fa?"

Ya gane nufina. Ya ɗan yi murmushi ya ce, "Lokacin ai ba ni za ki tambaya ba."

Ban san ko izini ne ya ba ni ko kaya ya ƙara mini ba. Har yau ban sani ba.

Ranar uku ta makoki, bayan la'asar, wayata ta yi ƙara, taubashina ne daga Amurka. A can gari ya waye ke nan. Na shiga ɗakin Kawu na rufe ƙofa. Taubashina bai kunna hoto ba, murya kawai, ta dushe. Ya tambayi wanda ya yi wanka, wanda ya shiga kabari, ko an sami jama'a. Na gaya masa. Ya ce shi a masallacin unguwarsu ya roƙi mutum shida suka yi wa mahaifinsa sallar gawa tare da shi.

Sannan ya ce, "Abu ɗaya ke riƙe ni. Alhamdu lillahi ya tafi yana alfahari da ni. Bai san komai ba, ko?"

Da na ce e, da an wuce wurin. Kalma ɗaya ce. Amma na ga in na faɗe ta, zai ƙarasa rayuwarsa yana zaton ubansa manajan ƙarya ya so, ba shi ba. Na ga kuma shekara tara na haƙurin tsohon nan za su bi shi kabari ba wanda ya san ya yi su.

Na ce, "Yaya, ya sani."



"Ke kika gaya masa?"

"Wallahi ban gaya masa ba. Da kansa ya gano, tun shekarar farko. Ya sa ni na rantse kada ka ji."

"Tun shekarar farko."

"E."

"Duk Juma'a yana ce mini mudir."

"E."

 Na yi ta magana, na gaya masa abin da Kawu ya ce, cewa ba ya son ya karɓe masa abin da zai tashi da shi da safe, cewa bai taɓa cewa ai na gaya masa ba, ko sau ɗaya, ko a bayan idonsa. Ban san nawa ya ji ba. Can sai ya ce, "Da kin bar ni da ƙaryata. Ita kaɗai na taɓa ba shi." Ya kashe.

Na ciyar da miskinai goma na kaffara. Na yi ta kiransa bai ɗauka ba.

Bayan kwana biyar, ina gidan ina taya Inna raba kayan Kawu, wayarta ta yi ƙara. Ta miƙo mini ta ce in buɗe mata. Hoto ne daga ɗanta, ba rubutu ko ɗaya. Yana tsaye a ƙofar otal da jar 'yar shara ta ma'aikata, lamba a ƙirji, hannunsa riƙe da murfin motar wani. Furfura ta fito masa a gemu, abin da farar riga da hasken ɗaki suka daɗe suna ɓoye mana.

Inna ta karɓa ta kai kusa da ido. Ta daɗe. Na shirya wa kuka, na shirya wa faɗa, na shirya ta tambaye ni tun yaushe na sani. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta shafa fuskar hoton da babban yatsa ta ce, "Ya rame. Rubuta masa, ki ce in ji ni, yana samun abinci mai zafi kuwa?"

Na rubuta. Ya amsa mata, suna magana yanzu kusan kullum. Ta bakinta ya aiko cewa in ina son rubutawa in rubuta, ba sauran abin ɓoyewa. Ni dai har yau bai yi mini magana ba, kuma ban ga laifinsa ba. Yana can, ba ya iya fita, ba ya iya dawowa, bai ga kabarin ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya yafe masa abin da ya nuna da abin da ya ɓoye. Ni ma Allah ya yafe mini abin da na faɗa.